Wardin Aglaya

Soroka, ƙarshen Oktoba, 1994

Zuwa ga ƙanwata Profira,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Gavril da yara da jikoki. Wasiƙarki ta iso tare da safar ulu. Na gode. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, amma haka ƙasar ma take yanzu, ba zan yi ƙorafi ba.

Kin ce in kulle gidan nan in zo Kahul in yi hunturu a wurinku. Ba zan zo ba. Kada ki ce girman kai ne. Wannan na rabu da shi tun ranar da aka sallame ni daga makaranta da takardar yabo da furen roba. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tarihi, aka yi ta sauya tarihin ina tsaye gaban allo da alli a hannu. Yau ɗalibaina wasu na sayar da taba a bakin kogi, wasu na ɗaukar bulo a Mosko. Mai irin wannan girbi ba ya girman kai.

Wardin marigayiya matata Aglaya ne ya riƙe ni.

Sauran lambun na gama da shi. Na kwantar da inabi na binne, na naɗe ɓaure da karan masara da tsofaffin buhuna, na tone saiwar furen daliya na zuba cikin yashi a ɗakin ƙasa, lemun tsami kuma yana kan tagar kicin. Waɗannan masu haƙuri ne. Wardin Sin kuwa ba ya barci cikin duhu kamar su. A littafi sunansa hibiskus, ɗan ƙasashen da ba su san ƙanƙara ba, sanyin dare ɗaya ya isa ya kashe shi. Kin san shi tun yana reshe cikin kofi, yanzu kansa na gogar rufin ɗaki. Maƙwabcinmu Trofim da surukinsa ne suka shigo mini da rabin gangar da yake ciki, suna nishi suna zagi. Trofim ya ce, “Malam, wannan ai ba fure ba ne, ɗan haya ne.”

Aglaya ce ta san kansa. Ni aikina shi ne mita, cewa ya tare mini hasken karatu. Da tana kwance a makon Ista, ba ta yi mini zancen kabari ko sadaka ba. Cewa ta yi, “Sevastian, kada ka bar shi ya ji sanyi.”

Bana kuma an yanke ruwan zafin ɗumama gida da ke zuwa mana ta bututu daga tashar gari, wai babu mai. Don haka na koma wa murhun tangaran na Baba da ke ɗakin kwana, wanda rabon da a hura shi tun kina budurwa. Littafin ya ce babban maƙiyin itacen nan shi ne iskar da ke kutsowa ta kafa. Na cusa auduga tsakanin gilasan taga biyu, na dama kunun fulawa na liƙe kowace kafa da jarida. Ga shi a ƙarshe jaridun nan sun yi rana. Na rataya bargo a ƙofa. Kwal ɗin da aka raba bana rabinsa ƙasa ce, kuma ba yawa, saboda haka da wuta ta ɗan lafa sai in tura ƙarfen da ke rufe maƙogwaron murhu, don kada ɗumin ya tsere ta sama. Mu uku muke kwana a ciki: ni, da wardin, da kyanwa.

Ki gaida Gavril. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Sevastian


Kahul, ranar Waliyyi Dumitru

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu duk lafiya, sai bayan Gavril da ya saba tashi duk lokacin da aka ce a faskara ice.

Na karanta wasiƙarka a tsaye, sai da na zauna. Yaya, a ɗakin kwana ka sa shi? Kai da ka karanta littattafan duniya duka, ba ka ji abin da kowace tsohuwa a layinmu ta sani ba? Wardin Sin ba a kwana da shi. Me ya sa kake ganin sai a barandar asibiti da ofis ake ajiye shi, inda ba mai kwanciya ƙarƙashinsa? Yana manne wa mai shi ne. In ya zubar da ganye, mai shi zai kwanta. In kuwa ya yi fure ba a lokacinsa ba, to a wanke tawul ɗin da ake ba masu ɗaukar makara. Inna ba ta taɓa yarda ya wuce zaure ba, har ta koma ga Allah tana faɗa wa Aglaya.

Kuma ka tuna. Bara a Kirsimeti da na zo, ba jan fure na gani a kansa ba, faɗin tafin hannu, ƙanƙara na zuba a waje? Aglaya tana ta murna tana kiran maƙwabta su zo su gani. Ni na yi shiru saboda bikin. Kafin azumin Ista ya kai rabi ta kwanta.

Na san me za ka ce, cewa kan ƙanwarka cike yake da dusa. Ka faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka ba coci shi, ko ɗakin shan magani, can ma akwai ɗumi, alkawarinka bai karye ba. In sun ƙi, ka mayar da shi kicin, kai ka kwana da kyanwarka.

Na ba direban motar Juma’a gyaɗar bishiya da cuku da kwalbar zuma. Ka riƙa tuƙa tuwon masara ka ci da zafi, kada ka zauna kan shayi da burodi kamar ɗan fursuna. Na kunna maka kyandir a coci. Na san ba ka so, ban tambaye ka ba.

Allah ya tsare mini kai.

Ƙanwarka,
Profira


Soroka, ƙarshen Nuwamba

Profira,

Gaisuwa gare ki da mutanen gida. Kayan sun iso, zumar ta yi kyau.

Na yi dariya da wasiƙarki, karo na farko tun bayan sadakar arba’in. Aglaya ciwo ne ya kashe ta, likita ya nuna mini hotonsa. Itace ba ya ƙulla gaba da mutum, wannan aikin mutane ne, na gansu suna yi. Coci kuwa sai ranar Lahadi ake hura wuta, ɗakin shan magani ma’aikatan da safar hannu suke rubutu. Kicin da asuba ruwa daskarewa yake a bokiti, lemun ma da ƙyar yake. Babu inda zai je.

Na rubuta wancan sakin layi mako guda da ya wuce, na ajiye. Yanzu zan ci gaba, kuma ina roƙon kada ki karanta wa Gavril.

Da ɗumin ɗakin ya ratsa shi sai ya fitar da ƙullin fure, da yawa. Na ji daɗi, na ce ga amsar Profira. Sai suka fara faɗuwa tun ba su buɗe ba. In ina zaune ina karatu sai in ji ɗan ƙaransu a kan katako, kamar an yar da maɓalli. Daga nan ganyen ƙasa suka yi rawaya. Na rage ruwa, ba su daina ba. Na ƙara, ba su daina ba. Na duba bayan ganye da madubin karatu, babu ƙwaro ko ɗaya.

Ni kuma ina tashi da ciwon kai, kamar an ɗaura mini ƙarfen ganga a goshi ana ƙara matsewa. Zuciyata na tashi, abinci ba ya shiga. Abin da ba na so in rubuta shi ne wannan: in na fita layin burodi, ina tsaye cikin ɗari tare da tsofaffi suna zagin gwamnati, sai in ji kaina ya washe, har yunwa nake ji. In na dawo na rufe ƙofa na zauna kusa da shi, kafin shayi ya huce ciwon ya dawo. Na gwada ba sau ɗaya ba, don ni mutum ne mai son hujja.

Kyanwa ta daina kwana da mu. Tana tsayawa bakin bargo tana kuka har sai na buɗe mata, ta gwammace sanyin zaure. Zenovia matar Trofim ta kawo mini romon kaza, ta leƙa, ta ga ganye a ƙasa, ta yi alamar gicciye ta ƙi shiga. Ta ce dabba ma ta fi wasu malamai hankali. Na ce mata wannan na daɗe da sani, na zauna da su a ɗakin malamai.

Ƙulli guda ya rage a can sama, bai faɗi ba. Jiya ya buɗe. Ja ne wur.

Sanyi ne ke damunsa, ba shakka. Akwai kafar da ban gano ba. Gobe zan sake bin tagogin da kunu.

Ki huta lafiya.

Sevastian


Soroka, Disamba

Profira,

Gaisuwa. Ban jira amsarki ba. Ki yi haƙuri da rubutun.

Na je wurin likita. Kafin in isa na warware, ya auna ni ya ce tsufa ne da hawan jini da kaɗaici, ya ba ni ƙwayoyi. Na dawo na kwanta kamar an buge ni da sanda.

Na liƙe komai yanzu, har ramin makulli. Ina ƙara kwal, ina rufe maƙogwaron murhun da wuri, ɗakin ba inda iska ke motsi. Duk da haka kullum da safe sai na share ganye. Rassan ƙasa sun zama tsirara. Ganyen da suka rage suna can sama, kuma na kama kaina ina duba su kafin in duba agogo.

Shekaranjiya na nemi sunan sarkin da na koyar da yaƙe-yaƙensa shekara da shekaru, na rasa. Na tashi in ɗauko littafi, sai na tsinci kaina a ƙasa, kuncina kan katako, ban san tsawon lokacin da na yi ba. Jiya da la’asar, rana tana nan, na ga Aglaya tsaye bayan gangar tana juya ganye tana duba bayansu, yadda ta saba. Ba ta dube ni ba. Na san babu kowa a wurin. Na san sunan da littattafai ke ba irin wannan gani. Sanin bai hana ni kiran sunanta ba.

Na buɗe akwatin da Aglaya ta haɗa mana na kayan tafiyar ƙarshe. Nata ta tafi da su. Nawa suna nan a ninke, baƙar kwat, da farar riga, da tawul-tawul na masu ɗaukar makara, da kyandirori. Na fitar da su don su sha iska. Kada su ba ki wahalar nema.

Tsoro nake ji, Profira. Ban ji irinsa ba ko lokacin da ake kiran malamai ɗaya bayan ɗaya ofishin da ba a tambayar dalili. A can na san wanda nake tsoro. A nan itace ne a cikin ganga, wanda matata ta raina da hannunta. Na ɗauko gatari daga rumfa na ajiye a zaure. Na tsaya da shi a bakin ƙofa, na kasa. Abu ɗaya ta roƙe ni.

In abin da kika faɗa gaskiya ne, me tsofaffin ke yi? Akwai addu’a, ko ruwan coci, ko wani abu da ake ɗaura masa? Ki rubuto mini, ba zan yi dariya ba. Amma kada ki zo, hanya ta toshe, kuma ba na so ki shiga ɗakin nan.

Ki yafe mini abin da na ce game da dusa.

Yayanki


Asibiti, ban san ranar ba

Profira,

Gaisuwa. Ma’aikaciyar jinya ta ce ƙanwata ce ke kawo romo kullum, amma an hana ziyara saboda murar da ta ɓarke, sai dai takarda a cikin kwando. Ashe kin zo. Ba na tuna komai bayan na zauna kan kujera. Likitan ya ce zai yi mini bayani in kaina ya ƙara daidaita. Ba zan jira shi ba. Ki gaya mini abin da ya faru, kada ki rage komai. Wa ke hura wa wardin wuta?

S.


Gidan Baba, Laraba

Yaya,

Sannu da jiki. Godiya ga Allah da na ga rubutunka, ko da kamar kaza ce ta bi ta kan takardar.

Wasiƙarka ta ƙarshe ta same ni ina cikin kwaɓa fulawa. Ban ko wanke hannu sosai ba. Mota biyu na hau, ta biyun sai da maza suka sauka suka tura. Na iso da hantsi. Kyanwa na zaune kan matakala, ƙanƙara ba sawun kowa. Na buga ƙofa, na kira, shiru. Trofim ya zo ya ɓalle ta da kafaɗa.

Kana kan kujera, kanka ya langaɓe, littafi a cinya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne fuskarka. Ta yi jajir, ta yi kyau, kamar ta yaron da ya dawo daga wasan ƙanƙara. Na jijjiga ka, na mare ka, Allah ya yafe mini, ko gezau. Ga kayan jana’izarka a shimfiɗe kan gado. Ga wardin kuma a tsaye a kanka, rassa tsirara kamar yatsu, da busasshen jan furen nan a sama.

Na ce wa Trofim ya fitar da shi. Ya ce gangar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, bari ya kira surukinsa. Na ce kafin surukin ya sa takalmi an gama. Na ga gatarinka a zaure. Na sare shi daga gindi, Yaya, sara uku ko huɗu. Ƙofa ta yi masa kaɗan, ga bargo ya naɗe masa, tagogi kuma ka liƙe su kamar akwatin gawa. Sai na sa gatarin na fasa gilasan, ciki da waje, duka tagogin biyu, na tura shi ta nan ya faɗa cikin ƙanƙara. Iska ta shigo kamar an buɗe kogi. Trofim yana ta cewa, “Baiwar Allah, kin haukace?” Bai rufe baki ba ka ja wani numfashi mai gurnani, ka yi tari, ka yi amai. Muka ja ka waje a kan bargo.

Likitan ya tambayi Trofim irin wutar da kake hurawa, ya sa aka hau rufi. Wai sheƙar hankaki ce ta cika bututun hayaƙin, ta shekaru, kai kuma kana rufe ɗan abin da ya rage tun kwal bai gama ci ba. Ya ce akwai hayaƙin da ba a gani, ba a jin warinsa, shi ka yi ta shaƙa, kuma da an ƙara awa guda sai dai limamin coci. Ya tambaya wa ya yi dabarar fasa taga. Zenovia ta nuna ni. Har hannu ya ba ni.

Ya faɗi nasa, shi ya yi karatu. Ni dai na san abin da idona ya gani. Na sare shi, ka yi numfashi.

Trofim ya buga katako a tagogin. Ni a kicin nake kwana. Ka shanye romon duka, kada ka ba na gadon kusa.

Ƙanwarka,
Profira


Asibiti, Alhamis

Profira,

Gaisuwa, da godiya. Na san albarkacinki nake da ran rubuta wannan, ba zan yi kamar ban sani ba.

Na tambayi likitan ko hayaƙin murhu na taɓa itace. Ya ce mahaifiyarsa takan gane murhunta ya lalace in furanninta sun fara zubar da ƙulli. Kin ji. Ba shi ke cin raina ba. Guba ɗaya muke sha ni da shi, shi ya fi ni laushi ya riga ni nunawa. Wata guda yana yar mini da ganye a gaban ƙafa, kyanwa na kuka a bakin ƙofa, kaina na washewa a layin burodi, ni kuwa mai son hujja na tattara hujjojin nan duka na ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, na ƙara liƙe taga. Haka aka yi ta yi a tarihin da na koyar, ban taɓa zaton zan yi da hannuna ba. A ɗakin nan shi kaɗai ne bai yi laifi ba, shi aka sare.

Ba na iya runtsa ido a nan sai an ɗan buɗe taga. Na gadon kusa yana zagina.

Kin ce daga gindi kika sare. Kututturen fa? Ganga mai girma ba ta daskarewa nan take. In ba ku yar ba, ki sa farce ki ɗan karce ɓawon, kusa da ƙasa. In busasshe ne ruwan ƙasa, kada ki gaya mini sai na fito. Na san abin da nake roƙon ki, kuma na san ba ki yarda da likitan ba. In ba za ki iya taɓa shi ba, ba zan riƙe ki ba.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Sevastian


Gidan Baba, Juma’a

Yaya,

Sannu da jiki.

Trofim da surukinsa sun saukar da gangar ɗakin ƙasa tun ranar, don ta tare musu hanyar buga katako. Na sauka da kyandir. Na yi alamar gicciye, na karce.

Kore ne.

Na sa sun hau da shi kicin, kusa da lemun, inda akwai haske. An share bututun kicin, ina hura wuta. Ni na kwashe shimfiɗata na koma gidan Zenovia, don ba zan kwana da shi ba, kai ma ba za ka kwana ba. Na ba shi ruwa rabin kofi. Kada ka ɗauka ni da itacen nan mun shirya.

Na rubuta wa Gavril ya nemi mai dafa masa har ƙanƙara ta narke. Ba zan bar ku ku biyu babu mai sa ido ba.

Gatarin yana bayan ƙofa.

Ƙanwarka,
Profira